Yada Zango a Yankin Inabi na Afirka ta Kudu: Amsa ga Matafiyin da Ba Ya Shan Giya

Wani ɗan'uwa da ke karatu a birnin Cape Town ya aiko da tambaya. Ya ce iyalinsa za su kawo masa ziyara, yana da hutun mako guda, kuma abokan karatunsa sun ba shi shawarar ya hayi mota da tanti ya zagaya ƙananan garuruwan da ke yankin gonakin inabi na bayan birnin. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, duk tallan da yake gani game da yankin na ɗanɗanon giya ne, shi kuwa Musulmi ne. Yana so ya san ko akwai abin da zai kai shi can, in kuma akwai, ina zai kwana, a wane lokaci, da kuma abin da zai kiyaye.

Malam, akwai abin da zai kai ka, kuma yana da yawa. Giya ita ce hajar da masu gonaki ke tallatawa, shi ya sa ta cika takardun talla, amma abin da ya ƙawata yankin duwatsu ne da koguna da tsofaffin garuruwa masu tarihin fiye da shekara 300, kuma tarihin nan ya shafi Musulmi kai tsaye. Shawarata ita ce kada ka ɗauki makon nan ka rarraba shi a kan garuruwa bakwai, kullum ana kafa tanti ana kwancewa. Ka zaɓi zango biyu kawai, ɗaya a cikin duwatsu, kusa da gefen da ke fuskantar Cape Town, ɗaya kuma a bayansu, ka riƙa fita da safe kana dawowa da yamma. Wanda ya taɓa naɗe jiƙaƙƙen tanti da raɓar asuba, yara suna kukan yunwa, ya san dalilin wannan shawara.

Dalili na biyu kuma yana cikin yanayin ƙasar. Idan ka bar Cape Town ka nufi gabas, bayan kimanin kilomita 50 zuwa 75 za ka tarar da garuruwan da kowa ya sani, wato Stellenbosch da Paarl da Franschhoek, kuma a bayansu akwai jerin duwatsu da suka tsaya kamar bango. Gaban bangon nan ya fi samun ruwan sama, ya fi kore, ya fi tsada, kuma nan ne motocin 'yan yawon buɗe ido suke tsayawa. Bayansa kuwa kwarin kogin Breede ne, inda Tulbagh da Worcester da Robertson suke, sannan can gaba Montagu, a bakin ƙasar Karoo mai ƙarancin ruwa. Nan ƙasa ta fi bushewa, noman ya dogara ga ban-ruwa, garuruwan kuma har yanzu na manoma ne fiye da na baƙi. Wanda ya tsaya a gaban duwatsun kaɗai ya ga rabin yankin ne, kuma a ganina ba rabin da ya fi daɗin zama ba.

Lokaci shi ne abin da baƙo daga ƙasashenmu ya fi yin kuskure a kansa, domin a wannan kusurwa ta Afirka ruwan sama da sanyi tare suke zuwa. Daga Yuni zuwa Agusta ake ruwa, dare ya yi sanyi ƙwarai, har dusar ƙanƙara takan sauka a kan duwatsun da ke kewaye da garin Ceres, koguna su cika, wani lokaci a rufe wuraren kwana na bakin ruwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma rani ne, kuma a Paarl ko Robertson zafin rana yakan kai digiri 40. Bahaushe ba ya tsoron irin wannan zafi, sai dai tanti yakan zama tanda tun ƙarfe takwas na safe, sannan daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu hutun makarantu ne, wuraren kwana sun cika, farashi ya hau. Lokacin da na fi so shi ne Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya karye, iska ta lafa, ana ƙarasa girbin inabi, ganyen kuringar ya soma komawa ja da rawaya. Satumba da Oktoba ma suna da kyau saboda furanni da ruwan da ke cikin rafuka, amma ka tanadi rufin ruwa. Hutun Ista yakan faɗo cikin Maris ko Afrilu, kuma shi ma sai an kama wuri tun da wuri.

Sai ka sani tun yanzu cewa a can ba a kafa tanti a duk inda dare ya yi wa mutum. Kusan kowace ƙasa tana da mai ita, ko dai gona ce mai shinge ko gandun daji na hukuma, kuma shiga ba izini laifi ne, ban da hatsarin da ke cikin kwana a gefen hanya. Wuraren kwana iri uku ne: na hukumar CapeNature, wadda ke kula da gandun dajin lardin Western Cape, inda yankin yake, na ƙananan hukumomi ko kamfanoni a gefen gari, da kuma na manoman da suka ware wani sashe na gonarsu a bakin kogi. Ana biya ne a kan fili ɗaya, galibi da iyakar mutanen da za su kwana a kai, kuma kusan ko'ina za ka sami makewayi da wurin wanka na haɗaka da murhun gasa nama. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi abu huɗu: ko filin yana da inuwa, ko akwai wutar lantarki, ko ruwan famfon na sha ne, da kuma ko ana barin kiɗa da dare. Tambayar ƙarshen nan ita ce ta fi muhimmanci ga mai iyali, domin wurin da ya hana kiɗa ya riga ya tace maka irin maƙwabtan da za ka samu. Wasu gonakin da ke da wurin kwana suna da ɗakin sayar da giya a ƙofar shiga, wasu kuma gonakin zaitun ne ko na 'ya'yan itatuwa, don haka in zuciyarka ba ta natsu da na farko ba, na biyun suna nan da yawa.

Zangon farko da zan ba ka shawara shi ne Tweede Tol, na CapeNature, a kan hanyar Bainskloof da ta tashi daga garin Wellington ta haura duwatsu. Injiniya Andrew Geddes Bain ne ya gina hanyar da ƙarfin fursunoni, aka buɗe ta a 1853, kuma har yau a wurare da dama tana zaune ne a kan katangar duwatsun da aka jera ba siminti. Hanya ce siririya mai kwana-kwana, akwai inda wani ƙaton dutse ya leƙo ya rufe samanta, don haka ba a bin ta da babbar mota, ba a kuma bin ta da gaggawa. Abin da zai fara ba ka mamaki a sansanin shi ne launin ruwan. Za ka ga kududdufai a tsakanin fararen duwatsu masu santsi, ruwan ja-ja-ja kamar shayin da ba a sa wa madara ba, amma in ka kamfata da hannu za ka ga garau yake, ba laka ba datti. Tsirran dutsen da ake kira fynbos ne suke rina shi yayin da yake tsattsafowa ta saiwoyinsu. Sanyinsa kuwa yana ratsa ƙashi ko da tsakar rani, kuma duwatsun suna da santsi, saboda haka kada yara su shiga sai da babba a kusa. Kada ka dogara ga samun sabis na waya a cikin kwazazzabon, kuma ka sayi duk abin da kake bukata a Wellington kafin ka hau.

A irin wannan wuri abu uku ne ke ɓata wa mutane tafiya. Na farko birai, irin manyan nan da ake kira bika, waɗanda sun koyi zuge zif na tanti da buɗe kular abinci da ƙofar motar da ba a kulle ba. Abinci a cikin mota yake kwana, a kulle, kuma ba a ba su komai, domin birin da ya saba karɓa daga hannun mutum yakan zama mai ƙwace, ƙarshensa kuma hukuma ta kashe shi. Na biyu wuta. Fynbos yana kamawa kamar an zuba masa fetur, gobarar daji a rani ba wasa ba ce a lardin, shi ya sa ba a hura wuta sai a murhun da aka gina, ba a karyar itacen daji, ana sayen ƙullin itace ne a shago ko a gidan mai, kuma a ranar da iska ta yi ƙarfi ana iya hana wutar gaba ɗaya. Ƙaramin murhun gas zai fisshe ka. Na uku ita ce iskar kudu maso gabas da ke kaɗawa a rani, wadda takan tumɓuke tantin da aka kafa da sakaci. Ka kafe kowace igiya, ka juya bayan tantin ga iska, ka zo da guduma domin ƙasar tana da tsakuwa. Macizai kuma akwai su, musamman kasa, wadda ba ta gudu in ta ji motsi, da gamsheƙa, don haka takalmi rufaffe da tocila wajibi ne in za a je makewayi da dare. Abin farin ciki shi ne babu zazzaɓin cizon sauro a wannan lardi.

Daga wannan zango garuruwan gaban duwatsu ba su da nisa. Stellenbosch, wanda gwamna Simon van der Stel ya kafa a 1679, shi ne gari na biyu mafi tsufa da Turawa suka kafa a ƙasar, kuma yanzu garin jami'a ne mai cunkoso. Ka ajiye mota ka bi titin Dorp da ƙafa, ƙarƙashin manyan itatuwan da aka kawo irinsu daga Turai, ka ga fararen gidaje masu kaurin bango da ƙawataccen goshi, wasu da rufin ciyawa. Amma kada ka tsaya a nan. A tsakiyar garin akwai wata unguwa da ake kira Die Vlakte, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta mayar ta Turawa zalla a 1964, aka kwashe mazaunanta zuwa bayan gari, cikinsu har da Musulmi. Masallacinsu yana nan a inda yake, ana salla a cikinsa, kuma nan ne ya fi dacewa ka yi Juma'a in ta riske ka a wannan gefe.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne ainihin darasin yankin, wanda takardun talla suke ratsawa da sauri. Kamfanin kasuwancin Holan ya sauka a Cape a 1652, aka matse inabin farko a 1659, kuma daga nan har zuwa 1834 bayi ne suka riƙe gonakin, waɗanda aka kawo daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya, tare da 'yan asalin ƙasar, Khoi, da aka raba da makiyayarsu. A tsofaffin gonaki da yawa za ka ga wata farar hasumiya ƙarama da ƙararrawa a rataye, wadda baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto a gabanta. Ita ake kaɗawa a tashi bayi aiki. Bayan 'yanci sai wata al'ada ta ci gaba, ta biyan ma'aikaci wani ɓangare na ladansa da giya, ana ba shi sau da yawa a yini. An haramta ta a farkon shekarun 1960, amma ta ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990, kuma ta bar wa lardin gadon shaye-shaye da yawan yaran da ake haifa da lahani saboda giyar da uwa ta sha da ciki. A ƙarshen 2012 ma'aikatan gonakin inabin ci a De Doorns suka yi yajin aiki mai zafi, wanda ya sa aka ɗaga mafi ƙarancin lada daga rand 69 zuwa 105 a yini. Idan ka ratsa Pniel, ƙauyen mishan da aka kafa a 1843 domin 'yantattun bayi, a kan hanyar Stellenbosch zuwa Franschhoek, ka tsaya ka shiga ƙaramin gidan tarihinsa, domin a can jikokin bayin ne da kansu suke ba da labari.

Franschhoek kuwa yini guda ya ishe shi, ko ma rabinsa. Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga ƙasarsu ne aka zaunar a kwarin daga 1688, akwai abin tunawa da su a ƙarshen babban titi, sauran garin kuma gidajen abinci ne masu tsada. Abin da ya fi shi ne ka hau hanyar dutsen da ke bayansa ka leƙo kwarin daga sama. Paarl bai kai shi ƙyale-ƙyale ba, amma ya fi shi abin gani: ga ƙaton dutsen da ke saman gari wanda ake hawa da ƙafa, ga kurkukun da aka fito da Nelson Mandela daga cikinsa ran 11 ga Fabrairu 1990, da mutum-mutuminsa a ƙofa, ga kuma hasumiyar tunawa da harshen Afrikaans da aka buɗe a 1975. Mai karatun ajami zai so ya ji cewa wasu daga cikin rubuce-rubucen farko na wannan harshe malaman Musulmin Cape ne suka yi su da baƙaƙen Larabci, domin koyar da addini a makarantunsu.

Ran da za ka tashi daga zangon farko, ka gangara ta ɗaya gefen Bainskloof ka biya ta Tulbagh, wanda duwatsu suka kewaye ta fuska uku. Girgizar ƙasa ta 29 ga Satumba 1969 ta rusa garin sosai, sai aka sake gina gidajen titin Church bisa tsohon fasalinsu ta hanyar duba tsofaffin hotuna, ta yadda yau titin ya fi kama da ƙarni na 19 fiye da yadda yake kafin girgizar. Awa biyu sun isa a zaga shi. Daga nan sai ka bi kwarin Breede, ka ƙara guzuri a Worcester, wanda babban gari ne mai masallaci da mahautan halal, ka wuce Robertson.

Zango na biyu ka yi shi a bakin kogin Breede kusa da Robertson, ko kuma a Montagu, kuma ni Montagu zan zaɓa. Shigarsa kaɗai ta isa dalili: daga Ashton hanya ta bi ta kwazazzabon Cogmanskloof, inda duwatsun suka nannaɗe suka miƙe tsaye ja-wur, sannan ta huda wani siririn dutse ta ramin da Thomas Bain, ɗan wancan injiniya, ya fasa a shekarun 1870, da ƙaramar ganuwar sojan Ingila ta zamanin yaƙinsu da Boer, jikokin Turawan Holan, a bisa kansa. Garin yana da maɓuɓɓugar ruwan zafi mai kusan digiri 43, yana da hanyoyin tafiya da ƙafa da ke farawa daga bakin gari, kuma ya shahara da busassun 'ya'yan itatuwa, waɗanda su ne tsarabar da ta fi dacewa da kai: zabibi da ɓaure da sauransu, a farashin da ya fi na birni sauƙi. Daga can ka ware yini guda domin McGregor, kimanin kilomita 20 daga Robertson, ƙauyen da hanyar mota ta ƙare a bayansa, domin hanyar da aka so a fasa ta dutse zuwa Greyton ba a kammala ta ba. A gefen titunansa akwai 'yan magudanan ruwa na ban-ruwa, kowane gida da lokacin da aka yanka masa a mako; idan lokacin mutum ya yi, sai ka ga ya fito ya zare wani ɗan faifan ƙarfe, ruwa ya karkata ya shiga lambunsa, in lokacin ya cika ya mayar ya toshe, ruwan ya wuce gidan gaba. Mai ƙarfin ƙafa yana iya bin hanyar Boesmanskloof, kimanin kilomita 14 zuwa Greyton, amma sai da izinin hukuma, kuma ba tafiyar ƙananan yara ba ce.

Game da abinci, ka sayi namanka tun daga Cape Town, inda mahautan halal suke ko'ina, ka duba tambarin hukumomin tantancewa irin su MJC ko SANHA, ka zuba a kula da ƙanƙara, domin a ƙananan ƙauyuka samunsa ba tabbas. Ka yi hattara da tsiran-alade irin nasu mai suna boerewors, wanda kowa ke gasawa a sansani, domin wanda ba shi da tambari yakan ƙunshi naman alade. Ka zo da ragar gashinka, kada ka yi amfani da wadda ka tarar a murhu. A gidajen abinci na gonaki ana yawan zuba giya a miya da romo, kuma in ka tambaya za a gaya maka gaskiya, domin Musulmi ba baƙi ba ne a lardin. Haka nan in aka miƙo maka jerin giya ka ce ba ka sha, magana ta ƙare, sai a kawo ruwan inabi marar maye. Ni dai na fi ganin natsuwa a rumfunan gefen hanya da manoma ke sayar da burodin da aka gasa a kan garwashi da zuma da zaitun da inabi ɗanye, ka saya ka koma zango ka ci da iyalinka, ka huta da zama a teburin da ake zagayawa da kwalba.

Ka tafi da buta, domin makewayin sansani ba shi da ita, sannan ka gyara tunaninka game da alƙibla: daga can ba gabas ake fuskanta ba, arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas. A tsakiyar rani rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas, asuba kuma takan yi tun kafin ƙarfe huɗu da rabi. In kana so yaranka su ga inda Musulunci ya kafa ƙafa a ƙasar, ka ratsa ta Macassar, kusa da bakin teku kudu da Stellenbosch, inda hubbaren Shehu Yusuf yake, malami ɗan Indonesiya da Turawan Holan suka koro zuwa Cape a 1694, ya rasu a wurin a 1699. Musulmin Cape sun daɗe da al'adar kafa tantuna a kusa da wurin a hutun Ista, iyalai da iyalai.

Saura tuƙi. Ana bin hannun hagu ne, kuma hatsarin ya fi yawa a safiyar farko da kuma lokacin fitowa daga gidan mai, sa'ad da hannu ke komawa ga abin da ya saba. A mahaɗar da kowane ɓangare ke da alamar tsayawa, wanda ya fara isowa shi ke fara wucewa, kuma ana bin wannan doka da gaske. Kada ka yi tafiyar dare a hanyoyin karkara, musamman Juma'a da Asabar, saboda masu tafiya da ƙafa a gefen titi da direbobin da suka sha, kuma kada ka bar komai a bayyane a cikin mota idan ka ajiye ta a gari. A dawowa, daga Montagu zuwa Cape Town bai kai kilomita 200 ba. Kana iya bin babbar hanyar N1 ta ramin Huguenot, mai tsawon kusan kilomita 4, wanda ake biyan kuɗi, ko kuma in akwai sauran rana ka bi ta Villiersdorp, ka wuce madatsar ruwan Theewaterskloof, wadda ta kusa ƙafewa a farin 2018, ka gangaro Franschhoek ta saman dutse. Wannan ta biyun ta fi tsawo, don haka ka kwance tanti da zarar raɓa ta bushe, ka bar Montagu kafin azahar.